Wilhelmsburg: unguwar Hamburg da ruwa ya ci, hukuma ta juya wa baya, baƙi suka rayar

Galibin jiragen ƙasa da ke fitowa daga kudancin Jamus zuwa Hamburg sai sun ratsa wani babban tsibiri kafin su isa tsakiyar birnin. Fasinja zai ga gada, ya ga tulin kwantenoni da dogayen benaye, sannan ya sake ganin wata gada. Abin da ke tsakanin gadojin biyu shi ne Wilhelmsburg, unguwar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Hamburg, mai kimanin murabba'in kilomita 35 da mazauna fiye da 50,000, waɗanda sama da rabinsu baƙi ne ko ƴaƴan baƙi.

Daga babbar tashar jiragen ƙasa ta Hamburg zuwa unguwar, tafiyar ba ta kai minti 10 ba. Duk da haka an shafe shekaru masu yawa mutanen tsakiyar gari suna kallon ta kamar wata ƙasa ta daban, wurin talakawa da ƴan dako da hayaƙin masana'antu. Yau labarin ya fara sauyawa: ɗalibai da ma'aikatan ofis na tururuwa can, ana gina dubban gidaje, kuɗin haya na tashi. Tambayar da ke bakin tsofaffin mazauna ita ce ko gyaran zai bar su a wurin da suka riƙe lokacin da ba mai so.

Ƙasar da aka ƙwato daga bakin ruwa

Kafin kogin Elbe ya isa Hamburg yakan rabu gida biyu, reshen arewa da reshen kudu, sannan ya sake haɗuwa. Wilhelmsburg na zaune a tsakani. Ko da yake teku na da nisan kusan kilomita 100 daga nan, cikowa da janyewarta na isowa har cikin birni, ruwan kogin ya hau ya sauka sau biyu a kowace rana. Asalin wurin ƙananan tsibirai ne na fadama, waɗanda ruwa ke rufewa duk lokacin da ya ga dama.

Tun ƙarni na 14 manoma suka fara kewaye gonakinsu da tudun ƙasa, irin ganuwar da aka sani a tsofaffin biranen Hausa, sai dai wannan ba don mahara aka yi ta ba, don ruwa. Kowane mai gona yana da ɓangaren ganuwar da ke wuyansa, kuma al'adar yankin ba ta da sassauci: wanda ya kasa kula da nasa ɓangaren zai iya rasa gonarsa, domin ɓarakar mutum ɗaya na iya halaka gari duka.

A shekarar 1672 wani basarake mai suna Georg Wilhelm, wanda fadarsa ke garin Celle, ya mallaki wasu daga cikin tsibiran, ya sa aka haɗe su da ganuwa, ya kuma raɗa wa wurin sunansa. Yana da dalili na cikin gida. Matarsa Bafaransiya ce da ba ta kai shi daraja a sarauta ba, don haka yana neman abin da zai ɗaga matsayin ƴarsu, Sophie Dorothea. Yarinyar ta samu sarautar Wilhelmsburg, daga baya kuma ta auri ɗan baffanta wanda ya zama Sarki George na Ɗaya na Birtaniya.

Kusan shekara 200 bayan haka tsibirin ya ci gaba da zama ƙauye. Mutanensa makiyaya ne da masu garka, suna ɗora madara da kayan miya a kwale-kwale su kai kasuwannin Hamburg da asuba. Har yau a gabashin tsibirin akwai gonaki, da tumaki masu kiwo a kan ganuwa, da tsohon injin niƙa mai aiki da iska wanda aka gina a 1875.

Tashar jiragen ruwa ta kira ma'aikata

Abubuwa biyu suka kawo ƙarshen zaman ƙauye. A 1872 aka buɗe gadojin jirgin ƙasa da suka haɗa Hamburg da kudu ta kan tsibirin. A 1888 kuma aka buɗe yankin tashar jiragen ruwa da ba a biyan kuɗin kwastan a cikinsa, daf da arewacin Wilhelmsburg. Nan da nan filin kiwo ya zama zinariya. Ƴan kasuwa irin su Hermann Vering suka sayi ƙasa a yammacin tsibirin, suka cike fadama, suka haƙa magudanan da jiragen dakon kaya za su bi, suka yanka tituna. Babban titin kasuwancin wannan sashe har yanzu sunan Vering yake ɗauke da shi.

Masana'antu suka biyo baya: na gyaran ulu, na man girki, na sinadarai, na ƙera jiragen ruwa, daga baya matatun man fetur. Hannun ƴan gari bai isa ba, sai aka nemo ma'aikata daga gabas, musamman ƴan Polan daga yankin Posen. Su ne baƙin farko na unguwar. Sun zo da harshensu da ɗariƙarsu ta Katolika a yankin da kusan kowa Furotesta ne, har aka gina musu cocin St. Bonifatius a ƙarshen shekarun 1890. An yi musu kallon bare, an cusa su a ɗakuna masu cunkoso, amma jikokinsu sun zama ƴan gari, sunayen iyali kawai ke tuna asalinsu.

A daidai wannan zamani, a maƙwabciyar unguwa Veddel, Turawa ne ke barin ƙasarsu. Albert Ballin, shugaban kamfanin jiragen ruwa na HAPAG, ya gina manyan zaurukan saukar matafiya daga 1901, inda masu shirin ƙaura zuwa Amurka ke kwana, likita ya duba su, su jira jirgi. Fiye da mutum miliyan 5 ne suka bar Turai ta Hamburg tsakanin 1850 da shekarun 1930, suna gudun talauci da yunwa da tsangwama. Wurin ya zama gidan tarihi tun 2007. Ɗan ci-ranin da ya shiga zai ga akwatuna da takardun tafiya da wasiƙun gida da ba za su zame masa baƙon abu ba.

A fannin mulki, Wilhelmsburg ba ta cikin Hamburg a lokacin, tana ƙarƙashin Prussia ne. A 1927 aka haɗe ta da garin Harburg, sannan dokar faɗaɗa Hamburg ta 1937 ta shigar da su duka cikin birnin.

Yaƙi da abin da ya bari

Matatun mai da tashar jiragen ruwa sun sa tsibirin ya zama wurin da jiragen yaƙin Birtaniya da Amurka suka fi auna wa a yaƙin duniya na biyu. A 1943 gwamnatin Nazi ta gina wata katafariyar hasumiyar siminti mai tsayin kusan mita 40 a tsakiyar unguwar, da hannun mutanen da aka tilasta wa aiki. A samanta aka girke bindigogin kakkaɓo jirage, a cikinta dubban mutane ke ɓuya idan an fara ruwan bama-bamai. Bayan yaƙi, a 1947, sojojin Birtaniya suka tarwatsa cikinta da nakiya, amma bangon waje ya ƙi faɗuwa. Haka ta tsaya fiye da shekara 60, baƙa ƙirin, ba mai shiga.

Abin da ya fi wannan tasiri shi ne rashin gidaje. Bama-bamai sun rusa kusan rabin gidajen Hamburg. Dubban iyalai da suka rasa muhalli, da waɗanda aka koro daga gabas, suka koma zama a ƴan bukkokin katako da ke cikin garake, a wuraren da suka fi ko'ina gangare, a gindin ganuwa. An ce zaman wucin gadi ne. Shekara 17 bayan ƙarshen yaƙi mutane da yawa na nan a ciki.

Daren 16 ga Fabrairun 1962

A ranar Juma'a 16 ga Fabrairun 1962 wata guguwa mai ƙarfi ta taso daga tekun arewa, ta riƙa tura ruwan teku cikin bakin kogin Elbe. Rediyo ya yi gargaɗi, amma ya yi maganar gaɓar teku ne, mutanen Hamburg kuwa ba su ɗauki kansu a matsayin mazauna gaɓar teku ba. Suka kwanta barci. Bayan tsakar dare ruwa ya kai mita 5.70 a ma'aunin St. Pauli, ganuwa ta ɓalle a wurare kusan 60 a faɗin birnin. Wutar lantarki ta ɗauke, wayoyi suka mutu, ƙarar iska ta danne jiniya da ƙararrawar coci.

A Wilhelmsburg ɓarakar da ta fi muni ta auku a arewa, wajen mashigar jiragen Spreehafen, inda aka toshe ramukan bama-bamai da ɓaraguzai bayan yaƙi. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara ya afka kai tsaye cikin garaken da ke cike da bukkoki. Wasu ya same su a gado. Wasu sun hau rufi ko bishiya da kayan barci, sanyi ya kashe su kafin gari ya waye. Mutum 315 suka mutu a Hamburg, fiye da 200 daga cikinsu a Wilhelmsburg. Kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙasar birnin ya nutse, mutum kimanin 20,000 suka rasa muhalli.

Wanda ya jagoranci aikin ceto shi ne Helmut Schmidt, mai kula da ƴan sanda a gwamnatin birnin. An yi amfani da sojojin Jamus da jirage masu saukar ungulu na ƙasashen NATO, duk da cewa kundin tsarin mulki bai fayyace aikin soja a cikin gida ba a lokacin. Sai a 1968 aka yi masa gyara kan haka. Sunan da Schmidt ya yi a waɗannan kwanaki na cikin abin da ya kai shi kujerar shugaban gwamnatin Jamus a 1974.

Hamburg ta ɗauki darasi a kan ganuwa. Hukuma ta karɓe kula da ita baki ɗaya, aka sake gina ta, aka ɗaga ta zuwa fiye da mita 7, aka faɗaɗa gindinta. Ranar 3 ga Janairun 1976 wata ambaliyar ta zo, ruwa ya kai mita 6.45, ya zarce na 1962 nesa ba kusa ba. Sabuwar ganuwar Hamburg ta riƙe.

Shekarun da aka juya mata baya

An gyara ganuwa, amma ba a gyara unguwa ba. Bayan ambaliyar, masu tsara birni suka fara tunanin cewa yammacin Wilhelmsburg bai dace da zaman mutane ba, gara a bar wa tashar jiragen ruwa da masana'antu. Aka shafe shekaru ana jan ƙafa, ba a tashi mutane ba, ba a kuma ce su zauna ba. Mai gida ba zai zuba kuɗi a ginin da ake shirin rushewa ba. Rufi ya fara yoyo, bango ya yi danshi, duk mai hali ya tattara ya koma wasu unguwanni. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka janye wannan tunani.

Gidajen da aka bari ba su daɗe a rufe ba. A lokacin Jamus ta Yamma na ɗaukar ma'aikata daga waje ta hanyar yarjejeniya: da Italiya a 1955, Spain da Girka a 1960, Turkiyya a 1961, Portugal a 1964, Yugoslavia a 1968. Tashar jiragen ruwa na buƙatar masu dako da masu walda, Wilhelmsburg kuma na da ɗakuna masu araha kusa da wurin aiki. Jamusawa sun kira su ma'aikata baƙi, da zaton za su yi ƴan shekaru su koma. Su ma haka suka zata. Daga baya suka ɗauko mata da yara, suka buɗe shagunan burodi da mahauta da gidajen shayi, suka mai da tsofaffin ɗakunan ajiya masallatai. Su ne suka hana titunan yammacin tsibirin mutuwa.

A kudu maso gabas kuma, tsakanin 1974 da 1976, aka gina rukunin Kirchdorf-Süd a tsakiyar fili, gefen babbar hanyar mota: dogayen benaye masu hawa fiye da 10, gidaje sama da 2,000, mazauna kusan 6,000. A takarda tsari ne mai kyau, da ruwan zafi da bayi a kowane gida. A zahiri an ajiye dubban masu ƙaramin ƙarfi wuri ɗaya, nesa da tashar jirgin ƙasa, ba isassun shaguna ko wuraren aiki.

Sannan aikin da kansa ya fara ƙarewa. Jirgin kwantena na farko ya iso Hamburg a 1968. Kayan da a da ƙungiyar ƴan dako ke kwana suna saukewa buhu-buhu, yanzu mutum ɗaya a cikin ƙugiya ke ɗagawa. Kamfanonin ƙera jiragen ruwa suka yi ta rage ma'aikata a shekarun 1980. Wanda aka kawo don ƙarfin damtsensa, bai samu damar koyon harshe ko wata sana'a ba, shi ya fara zama a gida.

Kamar hakan bai isa ba, a 1983 aka gano guba mai suna dayoksin na tsiyayowa daga jujin Georgswerder, wani tsaunin shara mai tsayin kusan mita 40 a arewa maso gabashin tsibirin, inda aka shafe shekaru ana zubar da sharar gidaje da ta masana'antu. Ga mazauna, saƙon a fili yake: duk abin da birni ba ya so a ƙofar gidansa, shara ko hayaƙi ko manyan motoci, tsibirin ake turo wa.

Mazauna sun tashi tsaye

A watan Yunin 2000 wasu karnukan faɗa suka kashe wani yaro ɗan shekara 6, ɗan iyalin Turkawa, a filin makaranta a Wilhelmsburg. Lamarin ya girgiza Jamus duka, ya sa aka tsaurara dokokin kiwon irin waɗannan karnuka. Jaridu suka cika da labarin unguwar da ta lalace. Mazauna, waɗanda dama suna da ƙungiyoyin fafutuka, suka ƙi yarda a tsaya a nan. Suka matsa wa majalisar birni har ta amince da wani babban taro kan makomar tsibirin. Daga 2001 zuwa 2002 malaman makaranta, ƴan kasuwa, limamai, fastoci, iyaye da jami'an hukuma suka yi ta zama, suka fitar da kundin buƙatu: makarantu masu inganci, hanyar isa bakin ruwa, kawar da babban titin da ya raba unguwar biyu, da gidajen da za su riƙe iyalai.

Buƙatunsu sun zo daidai da buƙatar birni. Hamburg na ƙaruwa, fili ya yi ƙaranci a arewacin kogi, ga kuma tsibiri mai faɗi a ƙofar gida. Gwamnatin birnin ta ƙaddamar da manufar da ta kira tsallaka Elbe. A 2008 aka cire Wilhelmsburg daga gundumar Harburg aka sa ta a gundumar tsakiyar Hamburg. Daga 2006 zuwa 2013 aka gudanar da baje kolin gine-gine na ƙasa da ƙasa, IBA, wata al'adar Jamusawa ta mai da unguwa guda wurin gwajin sabbin dabarun gini, da ayyuka fiye da 60.

Wasu daga cikin ayyukan sun taɓa tsofaffin tabo kai tsaye. Hasumiyar yaƙi ta 1943 ta zama tashar makamashi: an lulluɓe rufinta da gefenta na kudu da faifan hasken rana, an girke tankin ruwan zafi mai lita miliyan 2 a cikinta, wanda ke tara zafi daga rana da wata masana'anta ta kusa yana aika wa gidajen unguwa ta bututu lokacin sanyi. A can sama akwai wurin shan kofi da ake hango birni duka. Jujin Georgswerder, wanda aka riga aka rufe da leda mai kauri da ƙasa, an kafa masa injinan iska da faifan rana, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido, ko da yake har yanzu ana tace ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashinsa. Wani rukunin gidajen ma'aikata na shekarun 1930, mai mazauna daga ƙasashe fiye da 30, an sabunta shi bayan an bi gida-gida da masu fassara ana tambayar mutane irin ɗakin da suke so. An gina babbar cibiyar ilimi da ta haɗa makarantu da dama wuri guda. Ma'aikatar tsara birni da muhalli ta Hamburg ita kanta ta ƙaura zuwa tsibirin a 2013.

A farkon wannan shekarar aka soke yankin da ba a biyan kwastan, aka cire shingen waya da ya shafe fiye da ƙarni yana raba mazauna da bakin ruwan Spreehafen. Ba komai ne ya yi nasara ba. Baje kolin lambuna da aka yi a 2013 bai samu ko rabin baƙin da aka yi hasashe ba, ya bar asarar miliyoyin Yuro, kuma an sare bishiyoyi da yawa don shirya shi. Abin da ya rage shi ne babban lambun shaƙatawa a tsakiyar tsibirin, da zauren wasanni inda ƙungiyar ƙwallon kwando ta Hamburg Towers ke wasa. Ta hau rukunin farko na Jamus a 2019. A wannan shekarar ce kuma aka mayar da babban titin nan gefen layin dogo, kamar yadda mazauna suka nema kusan shekara 20 kafin nan.

Wa zai ci moriyar gyaran?

Tun kafin a gama ayyukan, unguwar ta fara jan sabbin fuskoki. Hukuma ta tallafa wa ɗalibai da rangwamen haya don su zauna a Veddel da Wilhelmsburg. Masu zane da mawaƙa suka kama tsofaffin ɗakunan masana'antu. Bikin kiɗa na Dockville, da aka fara a 2007, na kawo dubban matasa kowace bazara, fim ɗin Soul Kitchen na Fatih Akin, ɗan Turkawan Hamburg, ya ƙara wa wurin suna a 2009. Masu shirya IBA sun yi alkawarin ɗaga darajar unguwa ba tare da an kori kowa ba. Masu suka sun ce ba a taɓa shafa wa unguwa mai ba tare da haya ta tashi ba, kuma ta tashi.

Abin da ya rage kaifin matsalar shi ne yawancin gidajen tsibirin ba na ɗaiɗaikun masu kuɗi ba ne. Kaso mai yawa na hannun SAGA, kamfanin gidaje mallakar birnin, da ƙungiyoyin gama kai na masu haya. Dokar Jamus kuma ba ta barin mai gida ya kori ɗan haya haka kawai, ko ya ƙara kuɗi yadda ya so. Wanda ke da tsohuwar yarjejeniya yana da kariya. Wahalar na kan sabon zuwa, da iyalin da suka ƙaru suna neman gida mafi girma. Mai neman haya a Hamburg sai ya nuna takardar albashi, da shaidar cewa ba a bin sa bashi, ya kuma ajiye kuɗin jingina da ka iya kai hayar wata 3. Gidajen da gwamnati ta tallafa sai da takardar shaidar ƙarancin samu, layin kuma dogo ne. Bugu da ƙari, tallafin na da wa'adi. Idan ya cika, gidan ya koma farashin kasuwa.

Wannan ya shafi ƴan Afirka kai tsaye. Hamburg ce ke da al'ummar ƴan Ghana mafi girma a Jamus, akwai kuma masu jin Hausa daga zangunan Ghana da Togo, da Nijar da Najeriya. Kamar ƴan Polan da Turkawa kafin su, sabbin zuwa kan nemi unguwannin da haya ke da sauƙi kuma aikin ɗakunan ajiya da dakon kaya ke kusa. Idan irin su Wilhelmsburg suka fi ƙarfinsu, sai a ƙara tura su can bayan gari.

Akwai kuma batun murya. Dubban mazauna tsibirin ba su da takardar zama ƴan ƙasa, don haka ba sa zaɓen majalisar da ke yanke hukunci kan unguwarsu, cikin masu ƴancin zaɓen ma fitowa ba ta da yawa. Dokar da ta fara aiki a watan Yunin 2024, wadda ta rage shekarun jira zuwa 5 ta kuma amince mutum ya riƙe fasfo biyu, na iya sauya wannan lissafi a hankali.

A filin da tsohon titi ya bari, da kewayensa, ana shirin gina sabbin rukunai uku masu gidaje kusan 5,000, bisa tsarin Hamburg na ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku ga gidaje masu tallafi. Ɗaya daga cikinsu ya jawo taƙaddama, domin zai ci wani ɗan daji da ya tsiro da kansa a inda bukkokin da ambaliyar 1962 ta share suke. Masu kare muhalli da wasu mazauna na cewa a bar shi, hukuma na cewa mutane na buƙatar wurin kwana. A kudancin tsibirin ma ana jayayya kan sabuwar babbar hanyar mota da za ta haɗa tashar jiragen ruwa da sauran hanyoyi.

Ruwa bai tafi ko'ina ba

Sassa da yawa na Wilhelmsburg na ƙasa da inda ruwan kogi ke kaiwa idan teku ta ciko. Ba don ganuwa da injinan zuƙe ruwa ba, da unguwar ba ta wanzu. Hamburg na kula da layin kariya mai tsawon kimanin kilomita 100, ana duba shi a kai a kai, ana kuma ci gaba da ɗaga shi saboda hauhawar teku da sauyin yanayi ke haddasawa. Akwai hukumar gargaɗi ta musamman, da jiniya, da ƴan sa-kai masu atisayen jera buhunan yashi. A wasu tashoshin bas an kafa alamar wurin taruwa idan an ba da umarnin kwashe mutane. Kowace shekara a watan Fabrairu mazauna kan taru su tuna da waɗanda suka rasu.

Mai karatu a Nijar ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tashi tsohon garin Maraɗi daga kwari aka mai da shi kan tudu. A daminar 2020 kogin Kwara ya ɓalle madatsa a Yamai, ya mamaye unguwannin ƙetaren gada irin su Lamorde. A 2024 ruwan sama ya kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasar, ya shafi sama da miliyan ɗaya, ya kuma rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Aljihun Hamburg da na Yamai ba ɗaya ba ne, amma waɗanda ruwa ya ci a 1962 irin waɗanda yake ci a nan ne: mutanen da rashin muhalli ya tura cikin kwari, a zaman da aka ce na wucin gadi ne, gargaɗi kuma bai iso musu da harshen da za su gane cewa da su ake ba.

Abin da ya bambanta 1962 da 1976 a Hamburg shi ne shekara 14 na aikin ganuwa ba tsayawa. Gyaran unguwar kanta kuwa ya jira kusan shekara 40, har sai da mazaunanta, Jamusawa da baƙi, suka zauna suka rubuta abin da suke so suka kai wa hukuma. Sabbin gidajen da za a gina a tsakiyar tsibirin cikin shekaru masu zuwa, da farashin da za a sa musu, su ne za su nuna ko ƴaƴan waɗannan mutane za su samu wurin zama a ciki.